Ɗakin Inna da Ɓerayen Yaya Kashe-Wuta

Duk wanda ya san Yaya Haliru ya san hannunsa ya fi bakinsa saurin gaisuwa. Zai shigo gidanka bayan isha'i, kafin ya kai ƙarshen sallama hannun nan ya riga ya lalubo makunni a bango. Ƙyat! Sai ku amsa masa cikin duhu, ku da tuwonku. In ka ce, "Haba Malam, abinci fa muke ci," sai ya ce, "Bakinka bai ƙaura ba, yana nan inda ka bar shi. Ku bar dare ya yi aikinsa." Daga nan mutanen Gwandu suka sa masa Malam Kashe-Wuta, har yara suka manta yana da sunan yanka.

Ni ne Arzika, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Don ku ga yadda Allah ke jarraba bawansa, sana'ata sayar da ƙwan lantarki da haɗa wa mutane sola. Ku tsoffin ɗalibansa kun ce in rubuta wani abu a kansa don taronku. To, ga shi, amma kada ku jira irin rubutunku. Ina aji uku na sakandare Baffa, mahaifinmu, ya zaunar da mu ya ce ƙarfinsa na mutum ɗaya ne, kuma Haliru ne mai kai. Aka tura shi har jami'a ya karanto ilimin halittu. Ni aka miƙa ni ga wani mai jan wayar wuta a Kalgo, ina riƙe masa tsani. Lokacin ban yafe ba, yanzu kuma kada wanda ya tambaye ni.

Wata rana ina shagona na haya a Kalgo, Allah ya kawo mini wani Alhaji daga Maruda. Sola yake so gida duka, ɗakuna, zaure, har garken shanu. Na kunna masa fitilu kala-kala, shago ya ɗauki haske kamar gidan biki. Muna dab da shiryawa sai ga Yaya ya sauko daga bas, da silifas ɗin nan nasa da ya ɗinke da waya. Ya bi fitilun nan ɗaya bayan ɗaya, ƙyat, ƙyat, ƙyat. Sannan ya juyo ya gaida Alhaji cikin ladabi.

"Alhaji, ka san a tsakiyar kanka akwai wata 'yar tsoka, ba ta kai ƙwayar wake ba?"

Alhaji ya ɗaga hula ya shafa kansa. "Ni?"

"Kai. In duhu ya yi sai ta fara sako wani sinadari cikin jini, sunansa melatonin. Shi ke gaya wa jiki dare ya yi, a kwanta, a yi gyara. Kana kunna wuta sai ta tsaya cak, ta zaci gari ya waye."

"Ikon Allah! Har iyalina suna da ita?"

"Har shanunka, Alhaji."

Wallahi mutumin nan tocila guda ya saya, ƙarama, wai don dubo maciji. Na ce, "Yaya, ka kashe ni!" Ya ce, "A'a, na ceci shanu." Ya kuma zauna ya cinye mini ƙosai.

Amma duk wannan wasa ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗakin Inna. Kafin mahaifiyarmu ta cika, a gaban Goggo Ige ƙanwar Baffa, ta ce ɗakinta nawa ne. Ɗakin bayansa na kallon titi. In ka fasa tagar ka mai da ita ƙofa, ka samu shago a garinku, ka huta da haya, ka dawo da iyalinka gida. Burina ke nan, ban da wani. A shekarar ne Yaya ya yi ritaya daga koyarwa, matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Arzika, ara mini ɗakin nan wata shida." Na zaci littattafai zai zuba. Na ce to. Wata shidan nan sai da ya yi 'ya'ya, ya yi jikoki.

Ranar wata Juma'a ina gida Gwandu, sai ga ɗan kabu-kabu da kwali mai huje-huje, Yaya na biye da shi yana faɗa wai ya bi ramuka a hankali. Goggo Ige ta ji ana tsiw-tsiw a ciki, ta yi murna, ta ce yau Haliru ya yi hankali, zai fara kiwon kaji. Ta buɗe kwalin da kanta.

Jama'a, ɓeraye! Farare tas kamar an wanke su da bula, idanu jajir kamar garwashi. Goggo ta kurma ihu, tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa biki sai ga ta a zaure ba takalmi.

"Wayyo ni! Haliru, mi kaka so da mu? Kusu hwari? Waɗanga ba aljannu ba na?"

"Goggo, kwantar da hankalinki. Waɗannan 'yan gidan ilimi ne, daga jami'ar Kalgo wani tsohon ɗalibina ya samo mini. Kakanninsu ma a makaranta aka haife su."

"To su koma makaranta!"

Ba su koma ba. Kafin mako ya zagayo ya sa an toshe tagar ɗakin Inna da laka, tagar da nake mafarkin fasawa. Ya raba ɗakin biyu da katako, ya lulluɓe da baƙin tamfol. Ɓangare ɗaya wuta ba ta mutuwa dare da rana, su ne "'yan haske". Ɗayan baƙi ƙirin ko da tsakar rana, su ne "'yan duhu". Akwai kuma keji guda a rumfa, masu bin rana da dare irin na kowa, waɗannan ya sa musu "talakawa". Da yake wutar gari sai ta ga dama take zuwa, wa kuke tsammani aka sa ya haɗa wa 'yan haske sola? Ni. Da hannuna na sa wa ɓera sola a ɗakin uwata, kyauta, alhali matata Kulu da hasken waya take kwashe tuwo a Kalgo.

Ina kan tsani na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, don girman Allah, wai me kake nema?"

Ya ce, "So nake in ga wa zai riga balaga."

Saura kaɗan in faɗo. "Balaga? Ta ɓera?"

Ya ce ya daɗe a gaban aji, kuma a ganinsa yaran yanzu suna saurin zama manya fiye da zamaninmu. Wasu na cewa abinci ne, wasu na cewa kallo ne. Shi kuma hankalinsa ya tafi ga haske, don yanzu yaro da fitila yake kwana, da waya a hanci. Ya ce masana sun gwada da ɓeraye, an ga matan da aka bari cikin haske ba yankewa sukan riga balaga, waɗanda aka ba melatonin kuma sukan yi jinkiri, ko da yake ba kullum sakamako ke zuwa iri ɗaya ba.

Na ce, "To tunda an riga an gano, me ya kawo ɗakin Inna ciki?"

"Ban gani da idona ba."

"Kuma in ka gani, sai a yi yaya?"

"Sai in san na gani. Kuma kada ka je kana cewa na ce haka yake ga mutane. Ɓera ba mutum ba ne."

Na ce, "Alhamdu lillahi da ka sani, don ɓera ne a ɗaki, mutum na haya."

To yanzu ku tambaye ni yadda ake gane ɓera ya balaga. Ni ma da ban sani ba, kuma da na fi kwanciyar hankali. Wata safiya na leƙa in karɓi filayata. Me zan gani? Mutumin da aka cire ni daga makaranta dominsa, malami, mai furfura a gemu, ga shi durƙushe, gilashi a karan hanci, ya ɗaga wutsiyar ɓera yana leƙawa kamar mai duba zoben gwal. Na tsaya baki buɗe. Sai ya ɗago da fara'a ya ce, "Arzika, albishirinka! Hajiya Ƙarama ta girma!"

Innalillahi. Sunan ɓeran ke nan fa. Haka yake yi kowace safiya, ɗaya bayan ɗaya, wai akwai alamar da ke bayyana ranar da abin ya zo. Kuma don kada ya rikita su sai ya riƙa ƙunsa musu lalle a wutsiya, wata zobe ɗaya, wata biyu, wata a tsini. Lallen Kulu ne ma, wanda ta aje don Sallah. Ɓera da ƙunshi kamar amarya! Abincinsu dusar kaji da gyaɗa da madara. Shi kuwa mai gidan, gari da ƙuli, in ya so ya yi shagali ya ƙara albasa. Na taɓa ce masa ya sayi takalmi, ya ce na ƙafarsa bai gama aiki ba.

Duk sanda na ce, "Yaya, ai ka gani, a ba ni ɗakina," sai ya ce, "Sau ɗaya ba shaida ba ne." Ɓerayen su haihu, a yaye 'ya'yan, a sake sabon zubi.

Sai maganar jan ƙwai. Ya ce yana bukatar ya ga 'yan duhu ba tare da su sun san an kunna wuta ba, kuma wai idon ɓera bai cika ganin jan haske ba. Na samo ƙaramin ƙwai ja mai dishi-dishi na sa masa. Ashe yaran unguwa suna leƙe ta wata kafa in ya shiga. Suka ga ɗaki jajir, suka ga dattijo na raɗa da fararen halittu masu lalle. Kafin kwana biyu labari ya cika Gwandu wai Malam Kashe-Wuta tsafin kuɗi yake yi. Tsafin kuɗi! Mutumin da takalminsa waya ce ke riƙe da shi!

Aka aiko mini cewa Mai Unguwa da Liman za su zo bincike bayan la'asar. Ban ɓoye muku ba, na rufe shago na hau mota ina murmushi. Na ce yau kam hukuma za ta fitar mini da haƙƙina.

Mai Unguwa ya zo da babbar riga ta sha sitaci. Ya tsaya tsakar gida ya ce, "Malam Haliru, jama'a sun kawo kuka. Mi ka cikin ɗakin ga?"

"Ranka ya daɗe, bismilla, ku shigo ku gani. Amma ku bar wayoyinku a waje, kuma ba a ɗaga murya."

Muka shiga, aka saki tamfol, aka kunna jan ƙwai. Liman yana ta karanto addu'o'i ƙasa-ƙasa, Yaya na raɗa musu bayanin tsokar nan da balagar ɓeraye. Yaya ya ɗauko wata ya ce, "Ranka ya daɗe, riƙe ta nan, ba ta cizo." Mai Unguwa ya miƙa hannu don kada a ce ya ji tsoro. Ɓeran nan ta ga hannun riga kamar ƙofar gari, ta shige. Ban taɓa sanin mai sarauta na iya irin wannan rawa ba. Yana tsalle yana kaɗa riga, Yaya na binsa yana raɗa, "A hankali, ranka ya daɗe, ciki gare ta!"

Da aka samu aka fito da ita ta wuyan riga, na ce shi ke nan, an gama. Sai na ji Liman ya yi gyaran murya.

"Malam Haliru, mu dai a karatu mun san alamomin balagar ɗan Adam. Ashe dabba ma tana da lokacinta, kuma har haske na iya matso da shi?"

"Abin da nake dubawa ke nan, Allah gafarta Malam."

"Subhanallahi! Lalle ba a yi dare don banza ba. To wannan tsokar, a ina ka ce take?"

Suka zauna a kan buhun dusa, har aka kusa kiran magariba. Muna fitowa Mai Unguwa ya gyara hula, ya dubi jama'ar da suka taru ya ce, "Na bincika. Wanga ba tsahi ba na, hauka ta. Ni kuwa ba a naɗa ni kan hauka ba." Ya wuce.

Ba a nan ta tsaya ba. Akwai wata babbar fitila da na sa a ƙofar masallaci, mai haske har cikin gidaje, wadda nake nuna wa mutane in ce ga irin aikina. Washegari Liman ya sa aka riƙa kashe ta bayan isha'i. Na zo karɓar ɗaki, na koma ba ɗaki ba talla.

Sai Kulu. Ku da kuka san matata kun san ba ta ga maciji da ƙazanta. Mun zo gida ana jajibirin Sallah, Yaya ya tafi Kalgo karɓo abincin ɓeraye. Ni na fita aski. Kulu ta shaƙi warin da ke fitowa daga ɗakin Inna, ta ce ba za a yi Sallah da wannan ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta yaye tamfol, ta wangale ƙofa. Ta juye 'yan haske da 'yan duhu da talakawa cikin baho guda, ta rufe da raga, ta wanke kejin nan da omo, ta jera su a tsakar gida. Su ma ɓerayen ta jawo bahonsu cikin hantsi, wai su sha rana.

Tare muka shigo da Yaya. Ya tsaya. Buhun ya zame daga kafaɗarsa. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka, ya fara salati da ƙarfi. Maƙwabta suka shigo a guje, mata na gyara lulluɓi.

"Wa ya rasu? Goggo ce?"

Goggo ta leƙo daga ɗakinta. "Uwaku! Ga ni nan da raina."

Kulu ta durƙusa. "Yaya, wallahi tausayi suka ba ni. Bayin Allah tun da aka haife su ba su taɓa ganin rana ba."

Ya dube ta kamar zai yi kuka. "Kulu, ai shi ne aikin. Shi ne aikin gaba ɗaya!"

"To ai sai a mai da su, ba wanda ya ɓata."

"A mai da su? Sun riga sun ga duniya!"

Can ya share fuska, ya ce mata ta tashi, Allah ya yi mata albarka, kejin ba su taɓa yin kyau haka ba. Sannan ya juyo gare ni, ni da ban ci ban sha ba. "Arzika, sai ka ƙara mini wata shida." Ranar ce kaɗai na taɓa tunanin sayo kyanwa.

A shekarar ƙarshe ya samu mataimakiya, Rifkatu, ɗalibar jami'a a Kalgo, 'yar wani malami daga Zuru da suka koyar tare. Takan zo ƙarshen mako ta auna ɓerayen, tana ce masa Baba. Ita ta kawo ƙwayar melatonin, suka riƙa jiƙa ta a ruwan shan rabin 'yan haske, wai a ga ko sinadarin zai warware abin da fitila ta ƙulla. Yaya ya ce mini, "Wannan zubin shi ne na ƙarshe. In sun girma ka ɗauki ɗakinka." Na ce, "Na taɓa jin wannan waƙar."

Ashe da gaske yake, ta hanyar da ba mu zata ba. Ana yaye 'ya'yan ya faɗi a rumfa, ciwon zuciya. Muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Ɗakin da aka kwantar da shi wuta ba ta mutuwa, dogayen ƙwayaye farare a kansa. Ya dube su ya ce, "Arzika, sun sa ni cikin 'yan haske." Ma'aikaciyar jinya ta ce ba a kashewa, doka ce. Ya fara yi mata bayanin tsokar, ta ce, "Baba, ka yi shiru ka huta."

Da yammacin da ciwon ya yi nauyi ya yafito ni. Na matsa, na sa kunne a bakinsa. Na ce yau zai yi maganar makaranta, ya ce Arzika ka yi haƙuri, an cuce ka. Shekaru ina jiran kalmar nan.

"Arzika."

"Na'am, Yaya."

"Kashe wutar nan."

Abin da ya ce ke nan. Na tashi na kashe. Ma'aikaciyar ta taso tana faɗa, ni kuma na tsaya a gaban makunnin na ce sai dai ta ture ni. Cikin duhun na ji yana wata 'yar dariya. Da safe ya cika.

A zaman makoki mutumin farko da ya shigo ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, Allah ya haskaka kabarinsa." Mai Unguwa ya kama tari. Liman ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Muka ce amin, kowa na kallon tabarma.

Bayan sadakar bakwai na aro guduma. Ɗaki nawa ne, mai riƙe da shi ya tafi, ba wanda zai ce mini ƙala. Na nufi ƙofa sai na tarar da Rifkatu a tsaye, idanu sun kumbura.

"Baba Arzika, don Allah. Saura kaɗan su kai. In aka buɗe yanzu, duk aikin Baba na ƙarshe ya tafi."

"'Yata, ɗauke su ki kai makarantarku."

"In aka motsa su an ɓata. Kuma jarrabawa muke, ba zan iya zuwa kullum ba. Sai an samu mai duba su kowace safiya."

"Duba su yaya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ni? Da gemuna? In ɗaga wutsiyar ɓera? Yarinya, kin san da wa kike magana?"

Sai tamfol ya motsa. Wa zai fito daga ɗakin duhu da ƙwaryar dusa a hannu? Goggo Ige! Matar da ta bar takalmanta ta gudu! Ashe tun ranar da muka tafi asibiti ita ke ba su abinci, da jan ƙwai, ta bar tocilarta a waje kamar yadda ta ga yana yi.

Na ce, "Goggo! Ke da aljannu?"

Ta ce, "Rufe mini baki. Ɗaki naka na, ni as shaida, ba mai hana ka. Amma ka sani akwai marayu ciki."

Na shiga ni kaɗai da gudumata, na saki tamfol. Cikin jan hasken na ga wayoyin da na ja da hannuna, ko ɗaya bai taɓa ba. Na ga buhun da yake zama ya lotsa daidai jikinsa. Gilashinsa na kan keji, ƙafa ɗaya ɗaure da zare. 'Yan ƙananan suka taso suna shinshina raga, suna jiran mai zuwa da safe. Na daɗe a tsaye ina zaginsa a zuci. Na ce ka ci makarantata, ka ci ɗakina, ka mutu ba ka ce mini yi haƙuri ba, kuma ka bar mini wutsiya. Sannan na jingine gudumar, na ɗauki gilashin na sa. Ya yi mini daidai, abin haushi.

Rifkatu ta koya mini abin da ake dubawa, tana kallon bango ina kallon bango. Na bar shagon Kalgo a hannun Kulu na tare a Gwandu. Kowace safiya in durƙusa, in duba, in fito in kira ta a waya. "Mai zobe biyu ta girma." Ranar farko da na faɗa, Mai Unguwa na wucewa. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Ashe gado na."

'Yan haske su suka riga, kamar yadda ya sha gani. Talakawa suka biyo. 'Yan duhu suka yi ta jan ƙafa. Waɗanda ke cikin haske amma suna shan maganin, su ma ba su yi gaggawa ba, suka bar 'yan'uwansu suka wuce. Ranar da ta ƙarshe ta girma na fito tsakar gida na ce, "Yaya, ka ga abinka!" Sai na tuna. Rifkatu ta ce ɗaki ɗaya bai isa a kafa hujja ba, amma za ta sa shi cikin aikinta na gama makaranta da sunan Baba, har da nawa. Na ce ta cire nawa, ban son zuri'ata su ji an haɗa ni da wutsiya. Ta kwashe ɓerayen a kwali. Goggo ta raka su har bakin titi, tana ce wa ɗan kabu-kabu ya bi ramuka a hankali.

Washegari da hantsi na fasa tagar. Laka ta zube, rana ta shigo ɗakin Inna, har na ga ƙusar da take rataya carbi. Yanzu nan ne shagona. Na rubuta sunana ɓaro-ɓaro a saman ƙofa, amma ba mai karantawa. Kowa cewa yake, "Je ka shagon Kashe-Wuta ka sayo ƙwai." Ku ji fa, mai sayar da fitila! Har bayan ransa bai bar mini ciniki ba. Kuma shekaranjiya na shiga ɗakin yara bayan isha'i na same su da fitila da waya, kafin in yi tunani hannuna ya kai bango. Ƙyat! Kulu ta ce, "La ilaha illallahu, ya dawo."

Yaya, ban ce na daina jin haushi ba, ka san ni. Amma na yafe makarantar, na yafe ɗakin, na yafe Alhajin Maruda. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya sada ka da Inna da Baffa. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya. Wannan kam ka bar shi a kunne.